Maiƙon da tsiro ke yaƙi da shi, da ranar da PA ya yaudare ni

Kwanakin baya na ɗauka na gano wani babban abu a ɗakin gwaji. Na'ura ta fito min da sakamako, sai na ga wani maiƙo da ake kira asid ɗin fosfatidik, PA a taƙaice, ya yi wani irin tashi a ganyen da na shafa wa cuta, har na fara tsara yadda zan ba da labari a raina. Sai kuma na duba ɗaya ganyen wanda ruwa kawai na sa masa don kwatance, ashe shima tashin ya yi, kusan kai ɗaya. Tab. Ashe ni ne cutar. Abun da ya faru shi ne na tsinki ganyen na tsaya neman abun rubutu zan sa lamba a jikin kwalba, 'yan daƙiƙun nan da na ɓata sun ishi wani enzayim, wato furotin mai aikin yanka ko haɗa sinadarai, da ke cikin ganyen ya fara yanka maiƙon jikinsa, don shi ganye bai san bambancin almakashina da bakin tsutsa ba, rauni dai rauni ne. Ƙa'idar aikin kuwa kowa ya santa har da ni, kana tsinka ka jefa cikin aisofurofanol, wani sinadari dangin alkahol, mai zafin digiri 75 nan take don enzayim ɗin ya mutu kafin ya motsa. Na sani, sakaci ne kawai.

Amma dai haushin nan shi ya sa na zauna zan rubuta wannan, don kuskuren ya nuna min abun da nake karantawa a takarda ban taɓa ji a jikina ba, wato saurin da maiƙon jikin tsiro ke canzawa idan wani abu ya taɓa shi.

Bari in fara da abokan gabar tukunna. Sunansu umaisit, kuma in ka gansu a ƙarƙashin madubin ƙara girma zaka rantse funfuna ce, zare-zare fari yana ratsa ganye yana fidda iri, shekaru da yawa ma masana a cikin dangin fungas suka jera su. To kama da wane ba ta wane. 'Yan uwansu na jini su ne gansakukar teku mai ruwan ƙasa da wasu ƙananan halittun ruwa da ake ce wa dayatom, bangon jikinsu yawanci selulos ne da gulukan ba irin na fungas ba, kuma irinsu yana da wutsiya biyu yana iyo a cikin ruwa yana neman saiwa ko ganye. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Phytophthora infestans, wadda ta afka wa dankalin turawa a ƙasar Ayalan daga 1845, yunwar da ta biyo baya ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya wasu wajen miliyan suka bar ƙasar. Anton de Bary ne ya raɗa mata sunan a 1876, ma'anarsa mai hallaka tsiro, kuma gaskiya bai yi mata ƙage ba. Akwai Plasmopara viticola ta inabi wadda saboda ita aka fito da haɗin tagulla na Bodo a Faransa a shekarun 1880, akwai masu ruɓar da ƙwallon koko, akwai Sclerospora mai kama gero, akwai Pythium mai kashe tsiro tun yana jariri a cikin ƙasa.

Shi kuma maiƙo, ko lifid kamar yadda muke cewa a aji, kar hankalinka ya tafi kan mai na cikin iri kawai. Kowane sel na tsiro, wato ƙaramar ƙwayar halittar da aka gina jikinsa da ita, yana naɗe da wani siririn tantani a bayan bangonsa, tantanin nan maiƙo ne layi biyu, kowane ƙwaya ɗaya tana da kai mai son ruwa da jela biyu masu gudun ruwa, sai kawunan su fuskanci waje jelolin su ɓuya a tsakiya. A da yadda aka koyar da mu kamar leda ce kawai da aka zuba kayan sel a ciki, aikin gaske na furotin ne da ƙwayoyin gado. Ni yanzu ban yarda da wannan ba sam. Tantanin nan shi ne ƙofa, shi ne ƙararrawa, daga jikinsa ake ƙera makami, kuma wani lokacin shi ɗin dai shi ne abincin da maharin ya zo nema. Duk a abu ɗaya.

Ɗauki maganar sitirol, wani nau'in maiƙo da ke cikin tantanin nan. Phytophthora ba ta iya haɗa sitirol da kanta, tana iya miƙa zarenta ba tare da shi ba amma wajen fidda iri da hayayyafa tana buƙatarsa, an san wannan tun shekarun 1960. To daga ina zata samu? Sata. Tana sakin wasu ƙananan furotin masu suna elisitin, amino asid 98 ne tsawonsu, suna da wani ɗan rami a tsakiya daidai ƙwayar sitirol ɗaya, sai su je su zaro shi daga tantanin tsiron. Matsalarta ita ce wasu tsirrai sun haddace fuskar ɗan aiken nan. Taba dai in ta ji ƙamshin elisitin, irin su kiriftojin na Phytophthora cryptogea ko INF1 na mai cutar dankali, sai sel ɗin da ke wurin su kashe kansu da gangan, ganyen ya yi tabo busasshe, maharin ya tsinci kansa a kango ba abinci. Kaikayi ya koma kan masheƙiya kenan. A 1998 an toshe ƙwayar gadon INF1 a jikin cutar sai ga ta tana iya kama wata 'yar uwar taba, Nicotiana benthamiana, wadda da take korarta. A 2015 kuma aka gano furotin mai gane elisitin a wani dankalin daji, Solanum microdontum, aka sa masa suna ELR.

Nan ne ma dalilin da ya sa magungunan fungas da yawa basa yi wa waɗannan komai, don su aikinsu hana haɗa sitirol ne, to wanda ba ya haɗawa me zaka hana shi. Sai da aka nemo wasu daban kamar metalaksil a ƙarshen shekarun 1970, shima ba a jima ba cutar ta saba da shi.

Yanzu ga abun da ke faruwa a cikin mintunan farko, inda PA ɗina ya shigo. Da zarar tsiro ya gane akwai baƙo, kalsiyam ya kwarara cikin sel, sai wasu enzayim da ake kira fosfolaifes su hau kan tantanin. Ɗaya mai lamba D yana fille kan maiƙon ne kawai ya bar sauran, abun da ya rage shi ne PA. Akwai kuma wata hanyar mai taki biyu, mai lamba C ya yanka ya bar wani abu da ake ce wa DAG, sai wani enzayim ɗin DGK ya liƙa masa fosfet ya koma PA shima. A sel mai zaman lafiya PA kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa tashinsa yake zama saƙo, furotin iri-iri suna ganinsa sai su taho su manne a tantanin su fara aiki. A sel ɗin taba da ake renonsu a kwalba, waɗanda ake kira BY-2, an nuna cewa in aka zuba kiriftojin PA yana tashi ta hanyar DGK, kuma in ka hana wannan hanyar to ambaliyar oksijin mai ƙuna da sel ke fesa wa mahari tana raguwa. A irin waɗannan sel ɗin dai an ga tantanin kansa yana sake tsari cikin mintuna, wuraren da sitirol da wani nau'in maiƙo mai suna sifingolifid suka cunkushe suka yi tauri suna ƙaruwa, kamar dai mutane ne aka ce kowa ya koma rukuninsa a tsaya sahu. Ni wannan ya fi komai birge ni, babu wani sabon abu da aka ƙera tukunna, ƙwayoyin gado ma basu gama farkawa ba, kayan da ke nan ne kawai aka sake jerawa amma sel ɗin ya riga ya zama wani daban.

Sai zango na biyu wanda yake ɗaukar sa'o'i, nan kuma jelolin ake nema. Yawancin maiƙon ganye ba a tantanin waje yake ba, yana cikin kuloroflas ne, wurin da ake sarrafa hasken rana, kuma cike yake da wani asid mai kabon 18 da ɗauri biyu-biyu har guda uku, linolenik, muna rubuta shi 18:3. In faɗa ya tashi sai a tsinko shi, wani enzayim mai suna LOX ya cusa masa oksijin. Inda abun yake da daɗi, wurin da aka cusa oksijin ɗin shi ke yanke hukuncin abun da zai zama. In a kan kabon na 13 ne, hanya ta kama zuwa asid ɗin jasmonik, a fara a kuloroflas a ƙarasa a wani ɗaki daban da ake kira feroksisom inda ake datse jelar sau uku, shi kuma jasmonik saƙo ne mai tashin ɗaruruwan ƙwayoyin gado na tsaro har a sel ɗin da cutar bata kai ba, gemun ɗan uwa ya kama wuta kowa na shafa wa nasa ruwa. In kuma a kan kabon na 9 ne, a dankali da taba ana samun wasu abubuwa biyu, kolnelenik daga 18:3 ɗin da kuma kolnelik daga ɗan uwansa mai ɗauri biyu 18:2, waɗanda su guba ne kai tsaye, suna hana irin cutar tsirowa suna hana zarenta miƙewa. A 1999 an nuna suna taruwa a ganyen dankalin da Phytophthora infestans ta kama, kuma sun fi saurin taruwa a irin da ya fi juriya. Af, sunan ma daga wani titi aka samo shi, Colney Lane a garin Norwich na Ingila, inda cibiyar da aka fara gano shi take. Masana ma akwai raha wani lokacin.

Wani zai ce to ai taruwa kawai ka gani, wa ya ce su suka yi aikin? Tambaya ce mai kyau kuma an amsa ta. A 1998 wasu masu bincike a Faransa sun rufe bakin LOX na hanyar 9 a wata taba wadda asali take da juriya ga Phytophthora parasitica, sai tabar ta faɗi warwas cutar ta cinye ta. A shekarar dai aka gwada wani Arabidopsis, ɗan ƙaramin tsiron nan da kowane ɗakin gwaji ke ji da shi, wanda aka lalata masa ƙwayoyin gado uku, fad3 da fad7 da fad8, don haka baya iya yin jela mai ɗauri uku ko kaɗan, babu 18:3 babu jasmonik kenan. Wani Pythium ya yi musu kisan kiyashi ta saiwa alhali na lafiya da ke gefensu suna tsaye abunsu, da aka fesa musu jasmonet daga waje kuma sai yawanci suka tsira. Irin wannan gwajin nake so, ka cire abu ka ga ɓarna ka mayar ka ga gyara, babu dogon turanci.

Akwai kuma wani Arabidopsis ɗin da ya rikita ni da farko, ana kiransa ssi2. Shi enzayim ɗin da ke sa ɗauri na farko a jelar kabon 18 ne ya samu matsala, wato mai mayar da 18:0 zuwa 18:1, asid ɗin olik. Ɗauri ɗaya tak. Amma tsiron sai ya wanzu cikin shirin yaƙi ba dare ba rana, salisilik, wani saƙon tsaro daban da jasmonik, ya yi yawa, ya tsumbure, ganyensa duk tabo, cutar farin ƙura ta umaisit bata iya masa, sai dai fa ɓangaren jasmonik ya raunana don haka funfunar Botrytis mai cin gawa tana samunsa a ɓagas. Gaba kura baya sayaki. Wannan ya koya min cewa babu wani abu wai shi maiƙon tsaro da zaka ƙara kawai tsiro ya warke daga komai, ka toshe nan can ya ɓalle.

To shi ma maharin maiƙon jikinsa yana tona masa asiri. A 1981 wasu masu bincike, Bostock da Kuć da abokin aikinsu, suka nuna cewa abun da dankali ke ji a jikin Phytophthora infestans har ya harzuƙa wasu asid ne guda biyu masu kabon 20, arakidonik mai ɗauri huɗu da wani mai ɗauri biyar. Tsirrai masu fure a al'ada basa yin su, saboda haka ganinsu a cikin gida tamkar ganin takalmin da ba na kowa ba ne a bakin ƙofa. Ɗiga arakidonik kaɗai a kan yankakken dankali ya isa ya sa shi fara haɗa gubarsa, rishitin da lubimin. Kuma kalli dabarar, ita gubar nan da sitirol daga tushe ɗaya suke fitowa, akwai mararraba a hanya, sai tsiron ya rage aikin enzayim ɗin da ke kai kaya ɓangaren sitirol ya buɗe na ɓangaren guba. Raina yana so in ce da gangan yake hana ɓarawon abun da ya zo sata, labarin ya fi daɗi a haka, amma abun da aka auna shi ne an karkatar da kayan aiki, niyya kuma ni na ƙara. A 2022 an sake samun makamancin wannan, wani maiƙo mai suna seramaid na jikin cutar wanda Arabidopsis ke fara yankawa da enzayim ɗinsa a wajen sel, guntun da ya fita mai wani ɗan reshe a kabon na 9 shi wani mai gadi da ake kira RDA2 yake ganewa. Wato sai ya kwance kayan baƙon tukunna kafin ya san ko waye.

Kar kuma a ɗauka kullum maiƙo yana bayan tsiro ne, da ɗan gari akan ci gari. Umaisit da yawa suna sakin wata guba mai suna NLP mai huda tantani, a 2017 aka gano abun da take kamawa, wani sifingolifid ne na saman sel da ake kira GIPC, mai ɗauke da sukari a kansa. Abun mamaki gubar tana kashe masu faɗin ganye irin su taba da tumatir amma yawancin dangin ciyawa ko a jikinsu, kuma bayanin da aka bayar shi ne nasu GIPC ɗin yawanci sukari uku ne a kai maimakon biyu, ƙarin ɗayan nan ya sa gubar tana kamawa amma hannunta baya kaiwa ga tantanin. Sukari ɗaya fa jama'a. Haka kuma a Medicago, wani tsiro ɗan dangin wake, akwai wata ƙwayar gado RAM2 mai haɗa tubalan kakin da ke lulluɓe fatar tsiro, in ta lalace Phytophthora palmivora sai ta kasa yin ɗan kumburin da take dannawa ta huda saiwa, kamar ta zo ƙofa bata gane ƙofa ba ce. Kafin ka yi murna, fungas ɗin kirki masu taimaka wa saiwa tsotsar fosfet suma da wannan RAM2 ɗin suka dogara, ka rufe wa ɓarawo ka rufe wa baƙon arziki.

Bayan ta shiga kuma tana tura wani ɗan yatsa cikin sel ba tare da ta fasa shi ba, tsiron da kansa yake naɗe yatsan da sabon tantani, ta nan take shan abinci ta nan take turo furotin masu kashe ƙararrawa. Tantanin nan ba irin na sauran sel ɗin bane, wasu furotin an hana su shiga wasu kuma kamar remorin sun taru a wurin. Waye ke zaɓen abun da zai shiga, mai gida ko baƙo, nan ne ake ta fafatawa. An ma taɓa yin wata doguwar jayayya daga 2010 kan cewa furotin ɗin cutar masu alamar RXLR suna shiga sel ne ta hanyar kama wani maiƙo PI3P a waje, wasu ɗakunan gwaji suka maimaita basu samu haka ba, aka yi ta musayar takardu, ni dai ban taɓa gamsuwa da wannan bayanin ba.

Wanda zai auna duk wannan kuwa yana da aiki. Ka niƙa ganye mai cuta ka zuba a na'urar awon nauyin ƙwayoyi, ta jero maka ɗaruruwan maiƙo, to wanne na tsiro wanne na cutar? Masu kabon 20 ɗin nan da sauƙi, kasan na baƙo ne, har ana iya amfani da su a ƙiyasta yawan cutar a ganye. Amma 18:2 fa, kowa yana da shi. Sannan sel ɗin da ke fama da cutar ƙila 'yan kaɗan ne a tsakiyar dubbai masu lafiya, ka haɗa su ka niƙa saƙon ya narke. Ga kuma babbar matsalar, in ka ga maiƙon kuloroflas ya ragu bayan kwana uku, shin tsiron ne ya tsinke shi don ƙera makami ko kuwa sel ɗin ne kawai suka mutu suna ruɓewa, don a takardar sakamako duka biyun lamba ɗaya zasu baka. Shi ya sa duk takardar da ta auna sau ɗaya tak bayan tabo ya riga ya fito ta ce ta gano martanin tsaro, ni da ɗan shakku nake karanta ta. Oksijin da enzayim ya cusa a jela yana zama a wuri ɗaya da fuska ɗaya, wanda ƙuna ta cusa da ka kuma barkatai yake zuwa hagu da dama daidai wa daida, to in mutum bai duba wannan ba bai san ko makami yake kallo ko toka ba.

Nawa gwajin dai na sake shuka, sati huɗu zan jira kafin ganyen su kai. Wannan karon kwalaben duk na riga na rubuta musu lamba tun yanzu, na jera su kusa da tukunyar ɗumama aisofurofanol ɗin, kuma zan ɗiba a minti biyar, minti talatin, awa shida da awa ashirin da huɗu, kowanne da ganyen ruwa zalla a gefensa. Na kuma roƙi wata abokiyar aiki ta riƙe min agogo, daga tsinka zuwa jefawa in ya wuce daƙiƙa goma a zubar da wannan a ɗauki wani.